Hannun da ya saba da alƙalami: yadda yawan yi ke gyara rubutu

 

Kwanakin baya kwamitin wani masallaci da nake salla a cikinsa ya so ya aika wa 'yan unguwa mazauna ƙetare takardar neman taimako, domin rufin masallacin ya fara yoyo ga damina ta gabato. Aka duba aka zaɓi wani matashi a cikinmu wanda kowa ya san ya yi karatu. Ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, yana cikin Risala, a nahawu kuwa ya wuce Ajuruma ya shiga Alfiyya. In ya tashi yin nasiha bayan sallar Asuba, har dattawa gyara zama suke yi. Aka ba shi kwana uku. Ranar da ya kawo takardar, shi da kansa ya ce kunyarta yake ji. Gaisuwa ta cinye rabin shafi, sauran rabin kuma jimla ɗaya ce doguwa wadda ta fara da maganar rufi ta ɓulle a falalar sadaka, ba a faɗi nawa ake nema ba, ba a faɗi wurin wa za a aiko ba. Da na tambaye shi yaushe rabonsa da ya cika shafi guda da maganar kansa, sai ya yi shiru yana lissafi, can ya ce tun jarrabawar ƙarshe ta makaranta, shekara huɗu ke nan.

Wannan yaro ba daƙiƙi ba ne, kuma irinsa suna da yawa a zaurukanmu da makarantunmu na Islamiyya. Abin da ya same shi, Ibnu Khaldun ya yi bayaninsa fiye da shekara 600 da suka wuce, a cikin Muƙaddimarsa wadda ya rubuta a 1377 yana zaune a wata ganuwa cikin ƙasar Aljeriya ta yau. A wurinsa, iya harshe da iya rubutu suna cikin abin da ya kira malaka, wato ƙwarewar da ke zaunawa a jikin mutum saboda maimaita aiki. Karon farko aikin yakan bar ɗan gurbi a rai, in aka sake gurbin ya ƙara zurfi, in aka yi ta sakewa sai ya zama ɗabi'ar da ba ta gushewa. Ya kuma raba tsakanin sanin yadda ake yin abu da iya yin sa. Misalin da ya bayar na ɗinki ne da sassaƙa. Za ka sami mutum ya kwatanta maka yadda ake zura zare a allura, da yadda ake haɗa bakin ƙyalle biyu, da sunan kowane irin ɗinki, amma in ka miƙa masa allurar sai ya kasa. Daga nan ya juya kan malaman nahawu na zamaninsa, ya ce da yawansu sun ƙoshi da ƙa'idoji, amma in aka nemi ɗayansu ya rubuta layi biyu zuwa ga ɗan uwansa, ko ya rubuta ƙorafin wani zalunci da aka yi masa, sai kurakurai su cika takardar. Ya ce kuma akwai waɗanda rubutunsu ke da kyau ƙwarai alhali ba su iya fayyace ƙa'idar da suke bi ba. Duk wanda ya karanta wannan wuri zai rantse matashinmu ake nufi.

Abin mamaki shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan, domin makarantar allo a kansa aka gina ta. Ku tuna yadda abin yake. Kolo yana farawa da babbaƙu, malam ne ke rubuta masa a allo, shi nasa kallo da biyawa. Ya wuce zuwa farfaru. Sannu a hankali a bar shi ya riƙe alƙalamin da kansa, ya tsoma a tawadar gawayi da ƙaro, ya ja harafi ya karkace, tawada ta ɗiga ta ɓata layi, a yi masa dariya. In ya iya abin da ke kan allon sai a ce ya wanke, ya shanya, ya sake rubuta na gaba. Ba wanda ke zaunar da shi ya yi masa lacca a kan tsawon alif ko zagayen wawu. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla 480. Wanda ya bi su yana rubutawa yana wankewa, sannan ya sake komawa zagaye na biyu da na uku don hadda, hannunsa ya ja kowane harafi sau dubbai ba tare da ya ƙirga ba. Shi ya sa za ka ga alaramma ya zauna da takarda, layukansa su miƙe sambal, ya sa wasali da ja, ya ɗiga hamza da rawaya, ya gama Mus'hafi sukutum da ka. Mutane su ce baiwa ce. Baiwa ce kam, daga Allah take, amma ta ƙofar allon da aka wanke shekara da shekaru ta shigo.

Akwai wani abu a tsarin allo da bai kamata ya wuce mu ba. Gardi ba ya rubuta satunsa ya ajiye. Sai ya kai gaban malam an yi darasu, an bi harafi harafi, an nuna masa inda ya ci gyara, ya goge ya gyara nan take. Da babu wannan mataki, da yawan rubutun kuskure kawai zai dasa masa a hannu. Zan dawo kan wannan.

Inda muka yi sakaci shi ne mun tsayar da wannan horo a kan kwafe. Mun horar da hannu ya iya zana harafi, muka bar ɗaya ɓangaren, wato mutum ya ɗauko abin da ke cikin ransa ya shimfiɗa shi a takarda yadda wanda ba ya nan zai gane. Wannan shi ma sana'a ce mai zaman kanta, kuma ita ma da yi ake samun ta. Dalilin da ya sa mai fasahar baki ke tuntuɓe a takarda a fili yake. In kana magana, fuskar mai sauraro na taimakonka. Ka ga ya ɗaure gira sai ka koma baya ka sake bayani, ka ɗaga murya, ka nuna da hannu, ka ce "ka gane ko?" A takarda duk waɗannan babu. Mai karatu ba zai tsayar da kai ya ce "wane ne shi ɗin?" ba. Dole kai ka hango inda zai ɓace ka share masa hanya tun kafin ya iso, kuma wannan hange ba ya samuwa sai ga wanda ya sha rubutawa aka kasa gane shi.

To me yawan yi ke canzawa a zahiri? Hankalin ɗan Adam ba ya iya riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda. Sabon marubuci yana kokawa da yadda ake rubuta kalma, da inda ake raba ta, da inda aya za ta zauna, kuma a daidai wannan lokacin yana son ya riƙe zaren hujjarsa. Kafin ya gama shawara a kan "ya yi" ne ko "yayi", maganar da ya ɗauko ta kuɓuce. Wanda ya daɗe yana rubutu, waɗannan ƙananan abubuwa sun koma hannunsa, ba ya tsayawa tunaninsu, kamar yadda mai tuƙa babur ba ya duban ƙafarsa in zai sa giya. Hankalinsa gaba ɗaya sai ya tafi ga ma'ana. Haka kuma kalmomin da mutum ya sani iri biyu ne, akwai waɗanda yake ganewa in ya ji su, akwai waɗanda ke zuwa masa in ya neme su. Karatu na ƙara na farko, amma sai ka yi amfani da kalma da hannunka sau da yawa take ƙaura zuwa na biyu. Abin da ya fi waɗannan duka, a ganina, shi ne rubutu yana tona asirin fahimta. Sau nawa ɗalibi ke jin ya gane bambancin ƙabli da ba'adi, sai ya zauna zai rubuta wa ƙanensa bayaninsu a shafi ɗaya, ya tarar akwai surori biyu ko uku da bai san hukuncinsu ba? A baki da ya zagaye su bai ma lura ba. Takarda ta tilasta shi komawa littafi, ya fito da fiƙihun da ya fi na jiya da rubutun da ya fi na jiya a zama ɗaya.

Wani zai ce ai ilimi a ƙirji yake, magabata da hadda suka riƙe addini. Gaskiya ne sun yi hadda irin wadda ba mu iya ba, amma ba su raina alƙalami ba. Ayoyin farko da suka sauka sun ambaci alƙalami, akwai sura guda da aka sa wa sunansa kuma Allah Ya yi rantsuwa da shi a farkonta, sannan ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Bayan yaƙin Badar, wasu daga cikin fursunonin da ba su da abin fansa an karɓi koyar da yaran Madina rubutu a matsayin fansarsu. Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, ya iya shi cikin kusan rabin wata, ya zama shi ke rubuta masa wasiƙunsu yana karanta masa nasu. Abu Huraira (RA), duk da ƙarfin haddarsa, Bukhari ya ruwaito yana cewa Abdullahi bin Amr ya fi shi tara hadisi saboda Abdullahi yana rubutawa shi kuwa ba ya yi.

Malaman da suka biyo baya kuwa, in ka duba tarihinsu, abin da za ka fi gani shi ne naci. An ruwaito cewa Imam Ɗabari, mai tafsiri da tarihi, wanda ya rasu a 310 bayan Hijira, ya shekara 40 yana rubuta takarda 40 kowace rana. Almajiransa sun yi wani lissafin bayan rasuwarsa: suka raba yawan takardun littattafansa a kan kwanakin rayuwarsa tun daga balaga, sai kowace rana ta tashi da takarda 14. Ko da wannan na biyun aka ɗauka, ma'anarsa mutumin bai san ranar hutun alƙalami ba. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597, ya lura tunani mai amfani yakan gifta masa ya wuce ya manta, sai ya riƙa ɗaure duk wanda ya zo da rubutu. Abin da ya taru shi ne littafinsa Saidul Khaɗir, wanda har yau ake karantawa. Kuma ba sa ɗaukar rubutun farko a matsayin gamamme. Imam Shafi'i ya rubuta Risalarsa, da ya koma Masar ya sake ta, ta biyun ce ke hannunmu. Imam Malik, kamar yadda aka ruwaito, ya yi shekaru masu yawa yana bitar Muwaɗɗa yana rage abin da ke ciki. In waɗannan sun sake duba abin da suka rubuta, ni da kai ba mu da hujjar jin haushi in an ce mu sake shafi ɗaya.

A ƙasashenmu ma haka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya bar rubuce-rubuce fiye da 100, da yawansu gajeru ne da ya yi don amsa wata matsala da ta taso wa jama'a. Ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun yi ta rubutu a tsakiyar yaƙi da mulki, 'yarsa Nana Asma'u kuwa da Larabci da Fulatanci da Hausa take yi. 'Yan uwanmu na Gana sun san Alhaji Umaru na Salaga da Karaci, wanda aka haifa a Kano ya rasu a 1934. Tun yana saurayi, a 1877, ya tsara wani ɗan littafi a kan yadda ake rubuta wasiƙa, da samfurorin da ɗalibi zai kwaikwaya. Wato tun a lokacin malamai sun ga rubuta wasiƙa darasi ne da ake zama a koya, kuma ga shi yau rashinsa ya kusa hana mu gyaran rufin masallaci.

Yanzu ga maganar kullum. Hadisin Nana A'isha (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. A kan ibada aka faɗe shi, amma duk mahaddaci ya san haka abin yake ga koyo. Wanda ke tilawar izu biyu kullum ya fi wanda ke bari sai Alhamis ya kwashi 14 a zama ɗaya riƙe haddarsa, ko da yake jimlar ɗaya ce. Wani masani Bajamushe, Ebbinghaus, ya gwada wannan a kan kansa ya wallafa sakamakon a 1885: maimaitawar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka cusa a rana ɗaya zama a ƙwaƙwalwa. Malaman tsangaya ba su jira shi ba. Ga rubutu, ma'anar wannan ita ce minti 15 bayan Asuba ko bayan Isha'i kowace rana ya fi yini guda a wata. Shafi ɗaya kullum, in shekarar Hijira ta zagayo, shafi 354 ke nan, kaurin littafi babba. Akwai kuma ribar da ba a ƙirgawa: wanda ya rubuta jiya, yau ba ya jin nauyin farawa. Wanda ya yi wata uku bai taɓa bik ba, farar takarda tsoro take ba shi, ya yi ta jinkiri har abin ya wuce.

Abin rubutawa ba ya ƙarewa ga ɗalibin ilimi. Mafi sauƙi shi ne ka dawo daga karatun zaure ka rufe littafi ka rubuta abin da malam ya karantar yau da kalmominka, kamar kana yi wa wanda bai zo ba bayani. Ranar Juma'a ka taƙaita huɗuba a layi 10, wannan yana koya maka rarrabe ginshiƙin magana da adonta. Wata rana ka ɗauki sakin layi na Larabci ka mai da shi Hausar da tsohuwarka za ta gane, nan za ka ga wuya, domin ginin jimlar Larabci zai yi ta bin ka cikin Hausar sai ka yi da gaske ka kakkaɓe shi. Ka karɓi aikin rubuta bayanin taron kwamitin masallaci in an rasa mai yi, galibi ma rasawa ake yi. Ka rubuta wa maƙwabta takardar bashi ko ta jingina in sun nema, da suna da adadi da ranar biya da shaidu. Rigingimu nawa ne suka raba zumunci a garuruwanmu saboda an ce "ai mun yarda da juna" ba a rubuta ba, ko an rubuta yadda kowa ke fassara ta yadda ya so? Da boko ko da ajami, da Hausa ko Larabci ko Faransanci, duk wanda kake son ƙwarewa a cikinsa, a cikinsa za ka yi ta yi, domin sabon da hannu ya yi da wani harshe ba ya ƙaura gaba ɗaya zuwa wani.

Na ce zan dawo kan gyara. Wani zai ce shi kullum yana rubutu a WhatsApp da Facebook, me ya sa bai ƙware ba? Saboda allonsa ba ya zuwa gaban malam. Shekara 10 yana haɗe "ta fi" ta koma "tafi", yana rubuta "baki" inda yake nufin "baƙi", da "kafa" a wurin "ƙafa", ba wanda ya ce masa kanzil, har kuskuren ya zama masa malaka shi ma. Ƙa'idojin rubutun Hausa kuwa an zauna a kansu, a Bamako a 1966, sannan a Yamai a 1980 don daidaita na Nijar da na Najeriya, kuma haruffa masu lanƙwasa yanzu suna cikin wayoyinmu ga wanda ya nema. Saƙon murya ma ya zo ya ƙara mana lalaci, abin da za a rubuta a layi uku sai a yi minti shida ana "to, wato, ka gane".

Mai gyara ba dole sai babban malami ba. Ɗalibai uku ko huɗu za su iya haɗuwa mako mako, kowa ya miƙa wa na kusa da shi shafinsa. Sharaɗin kawai shi ne mai rubutun ya yi shiru lokacin da ake karanta nasa. In ya fara "abin da nake nufi a nan shi ne", to an gano wurin gyara, sai ya rubuta abin da yake nufin. Tambaya mafi amfani da za ka yi wa mai karanta maka ita ce ya faɗa maka abin da ya fahimta, domin in ka ce "ya yi kyau?" kunya za ta sa ya ce ya yi. In ba ka da kowa, ka ajiye rubutun ya kwana biyu, sannan ka karanta shi da ƙarfi. Inda numfashinka ya yanke kafin jimla ta ƙare, ta yi tsawo. Inda ka yi tuntuɓe, mai karatu faɗuwa zai yi. Malamai masu duba rubutun yara kuma, don Allah a sassauta. In aka cika shafin yaro da jan bik tun ranar farko, ba zai kawo na biyu ba. A ɗauki kuskure iri ɗaya ko biyu a wannan mako, in sun gyaru a matsa gaba, kamar yadda ba a ɗora wa mai babbaƙu hukuncin madda.

Matashin nan namu, sau uku ya sake takardar rufin kafin ta tafi. Ta ukun layi 12 ce, ta faɗi abin da ya lalace, da kuɗin da magini ya yanka, da sunan ma'aji. Tun daga ranar ya sayi kaye yana rubuta karatun Risala kullum, kuma ya ce in ya buɗe shafukan farko yanzu dariya suke ba shi. Saboda haka nake ba ɗalibai shawara su riƙa sa kwanan wata a kan kowane shafi kuma kada su yaga tsofaffin. Ci gaban rubutu ba a jin sa daga yau zuwa gobe, sai an jera na watan Muharram da na Rajab ake ganin tazarar, kuma ganin nan ne ke hana mutum bari a lokacin da ya fara jin kamar wahalar banza yake yi.

Tun da yawancin abin da za ku riƙa rubutawa ba zai rasa aya ko hadisi ko sunan Allah ba, a kula da takardun gwaji. Kada a bar su a ƙasa ana takawa, kada a ba mai ƙosai ta naɗe kaya da su. Waɗanda ba a bukata a tara su wuri ɗaya, a ƙone su a wuri mai tsarki ko a binne, kamar yadda ake yi wa tsofaffin takardun Mus'hafi.